Yadda Ake Koya Wa Jiki Abin Da Ya Manta: Jawabin Baƙuwarmu A Taron Bana

Wannan shi ne jawabin da baƙuwarmu ta gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya. 'Yar gida ce, mahaifiyarta na cikin matan da aka fara wannan tafiya da su, kuma yanzu tana koyar da ɗaliban fisiyo a jami'a. Mun buga shi kusan yadda ta faɗa, saboda waɗanda ba su samu zuwa ba da kuma waɗanda suka nemi a rubuta musu.

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Hajiya shugaba, uwar ƙungiya, ma'aji da sakatariya, iyayena mata da ke sahun gaba, yayyena da ƙannena, da iyayenmu maza da suka daure suka zauna can baya, ina yi mana barka da wannan rana. Allah Ya maimaita mana.

Da aka aiko min da takardar gayyata, sai na ce wa Hajiya, ni me zan faɗa wa matan da suka ga tatata? Akwai waɗanda suka goya ni a cikin ɗakin nan. Kuɗin rajistata na shekarar farko a jami'a daga asusun nan Inna ta ranto, ta riƙa biya wata-wata da cinikin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. To kun ga yau bashi na zo ragewa, kuma da abin da na koyo zan rage shi.

A asibiti ana ce mana masu gashi, ko likitocin gashin ƙashi. Ba ma fushi da sunan, don muna yin gashin idan ya kama. Amma gashi ɗan yanki ne na aikin. Mafi yawan abin da muke yi koyarwa ce. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye muna koya masa zama da tsayuwa. Yaron da ya wahala wajen haihuwa, ko shawara ta taɓa masa ƙwaƙwalwa yana jariri, muna koya masa riƙe wuya da rarrafe. Wadda aka cire wa filasta bayan karaya muna koya mata taka ƙafar ba da tsoro ba. Ni kuma aikina a yanzu shi ne in koya wa ɗalibai yadda za su yi wannan koyarwa.

Sana'ar ba ta daɗe sosai a ƙasar nan ba. A 1945 aka fara ta a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas. A 1966 Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a kanta. Mu nan Arewa, Kano ce ta daɗe tana yaye ɗalibai, tsakanin asibitin ƙashi na Dala da Jami'ar Bayero. Ɗalibi yakan yi shekara 5 zuwa 6 yana karatu, ya ƙara shekara guda ta horo a asibiti. A cikin shekarun nan zai san sunan kowane ƙashi da kowace jijiya. Wannan ba shi ne mai wuya ba, hadda ce, kuma yaranmu sun iya hadda. Mai wuyar shi ne ranar da za a tsayar da shi gaban dattijuwa mai shekara saba'in, tana tsoron faɗuwa, ga kunya, ga 'ya'yanta sun zuba masa ido, a ce masa: to bismillah, tayar da ita.

Bari in fara da kuskurena, don da shi nake buɗe aji kowace shekara.

Ina sabuwar fitowa aka ba ni wata baiwar Allah da hawan jini ya kayar, ɓarin damanta ya shanye. Na so matar nan kamar uwata. Kullum ta zo, ni ke ɗaga ta, ni ke matsar mata da ƙafa, ni ke gyara mata kafaɗa. Ko kuskure ba na bari ta yi, kafin ta karkace na tare. A ɗakin motsa jiki kowa yana yabawa, ana cewa ga Hajiya ta fara tafiya. Aka sallame ta. Bayan mako biyu 'yarta ta dawo da ita a kan keken marasa lafiya, ta ce min, "Likita, sai in kina nan take iyawa." Wallahi maganar nan ta hana ni barci. Ashe duk makonnin nan hannuna ne ke tafiya, ita rakiya kawai take yi. Kuma a kan gado da kujera na koya mata komai, alhali a gida a tabarma take kwana. Ban taɓa tambayar ta ba.

Daga ranar na gane cewa abin da mutum ya yi a gabanka ba shi ne abin da ya koya ba. Abin da ya koya shi ne wanda zai yi gobe, a gidansa, ba ka nan.

Shi ya sa a makon farko ba littafi nake sa ɗalibai su buɗe ba. Nakan sa kowa ya ɗaure hannun damansa a jiki da gyale. Mata su ɗaura zani da hannu ɗaya, maza su ɓalla maɓallin riga da hagu, sannan kowa ya zuba ruwa daga buta ya yi alwala. Da farko dariya ake yi. Bayan minti goma ajin yakan yi tsit, wani har ransa ya ɓaci. Sai in ce musu, ku minti goma kuka yi, kuma kun san za a kwance ku. Wanda za ku gani gobe watansa uku a haka. In ya yi muku tsawa, ku tuna da yau.

Darasi na biyu shi ne yadda jiki ke koyon abu, kuma wannan ku kun fi ɗalibaina saninsa. Wasu masana biyu 'yan Amurka, Fitts da Posner, sun rubuta a 1967 cewa koyon kowane aikin hannu ko ƙafa hawa uku ne. Masu keken ɗinki, ku tuna ranar farko. Ido yana kan allura, ƙafa ta manta da taki, in ƙafa ta tuna hannu ya saki yadi, keken ya koma baya, zare ya tsinke. A ranar ko sallama aka yi ba ki iya amsawa, duk hankalinki yana kan aikin. Hawa na farko ke nan. Bayan 'yan makonni ɗinki ya fara miƙewa, kina kuskure amma ke da kanki kike ganewa ki farke. Na biyu ke nan. Yau kuwa kina ɗinki kina hira, kina sauraren rediyo, kina tsawata wa yaro. Na uku ke nan.

To haka mara lafiya yake. Ƙwaƙwalwa ce ke ba gaɓoɓi umarni, ɓarinta na hagu yana kula da daman jiki, na dama yana kula da hagu. Idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a cikinta, wurin da abin ya shafa ya daina aika saƙo. Hannun yana nan da namansa da ƙashinsa, saƙo ne ba ya isowa. Cikin ikon Allah ƙwaƙwalwa tana iya buɗe wasu hanyoyin, kamar yadda mutanen unguwa ke fitar da sabuwar hanya idan ruwa ya cinye gada. Amma hanya ba ta fita sai da yawan bi. Kuma an fi samun saurin farfaɗowa a watanni 3 zuwa 6 na farko. Bayan nan ma ana ci gaba, sai dai a hankali. Shi ya sa muke jin ciwo idan aka kawo mana mutum bayan an shekara ana yawon magani da shi.

Dole ɗalibi ya gane hawan da mara lafiyarsa yake. Wanda ke hawa na farko ba a cika masa kunne. Ɗalibai suna son su nuna sun yi karatu, sai ka ji yaro yana zuba bayani: miƙe bayanki, ɗaga kai, matso da ƙafa, kar ki riƙe numfashi, duk a numfashi ɗaya. Nakan ce masa, kai, magana ɗaya. Nuna mata da jikinka, faɗi kalma biyu, ka yi shiru. Kuma da Hausar gida, wadda kakarka za ta gane. Nakan sa su juya kowane umarni daga Turancin littafi zuwa Hausa a gaban aji, wanda ya kasa ya koma ya tambayi kakarsa.

Akwai wata dabara ƙarama mai amfani. Idan kika ce wa mutum "miƙe gwiwar hannunki", sai ta tsaya tana kallon hannun, ya ƙara sandarewa. Ajiye mata kofi ki ce "miƙo min kofin nan", sai ki ga hannun ya tafi fiye da ɗazu. Jiki ya fi gane aiki a kan bayani. Saboda haka a ɗakin koyarwata akwai buta, akwai muciya, akwai faifai da wake, akwai carbi da tabarma. Tsintar wake motsa yatsu ce. Jan carbi ma haka.

Daga nan sai tambayar da ni na kasa yi a wancan karo: Hajiya, me kika fi so ki koma yi da kanki? Littattafanmu yawanci an rubuta su ne a ƙasashen da ake zama kan kujera, a ci abinci kan tebur. Mu kuwa rayuwarmu a ƙasa take. A shekarun da na yi, amsar da na fi ji daga iyayenmu mata guda biyu ce: in kai goshina ƙasa, kuma in shiga banɗaki ba tare da surukata ta riƙe ni ba. Addini ya yi sauƙi, wanda ba ya iya tsayuwa ya yi salla a zaune, kowa ya sani. Amma mai son komawa sujada, wannan son shi ne zai tashe ta motsa jiki da asuba ranar da ba ta jin yi. Sai ɗalibi ya ɗauki sujadar ya rarraba ta: tsayuwa, sunkuyawa, durƙusawa a kan gwiwa, dafa ƙasa, tasowa. A koyi kowanne, sannan a haɗa.

Yanzu bari mu gwada abu ɗaya tare. Duk mai iyawa ta matso bakin kujerarta. Ja ƙafafunki baya, su shiga ƙarƙashin gwiwa. Sunkuyo gaba har hancinki ya zo saitin yatsun ƙafa. To tashi. Madalla. Ku zauna. Yanzu miƙe ƙafafun gaba, jingina da bayan kujera, ki gwada tashi ba ki sunkuyo ba. Kun gani? Ko mai lafiya ba ta iyawa. Amma haka muke yi wa marasa lafiyarmu a gida: suna jingine, ƙafa a miƙe, mu kama hannu mu yi ta ja, in sun kasa mu ce jiki ya ƙi. Alhali zaman ne bai daidaita ba.

Darasin da ya fi ba ɗalibai wuya shi ne janye hannu. Kun san uwar da ke koya wa 'yarta tuƙin tuwo, da ta ga gudaji ɗaya sai ta ce "ba ni nan" ta karɓe muciya? Tuwon ranar zai yi kyau. Yarinyar kuwa sai a gidan miji za ta koya, da kuka. To ɗalibi ma haka yake, tausayi da tsoro suna sa shi ya karɓe muciyar. Nakan tsaya a bayansa in ce, yau da hannu biyu ka riƙe ta, gobe da ɗaya, jibi da yatsu, gata ka tsaya kusa kawai. Ka bar ta ta ɗan karkace ta gyara da kanta, muddin ba faɗuwa za ta yi ba. Kar ka gyara mata kowane taku. Bari ta yi sau biyar, sannan ka tambaye ta: wanne ya fi yi miki daidai? In ta fara gane kuskurenta da kanta, ta hau hawa na biyu. Sannan a canja mata wuri: yau kan siminti, gobe kan yashi, jibi ta tsallake dokin ƙofa, wata rana ta yi tafiya tana amsa gaisuwa. Don a gida babu wanda zai share mata hanya ya yi shiru sai ta wuce.

To iyayena, ga inda maganar ta iso kanku. A mako akwai awa 168. Wanda ya yi sa'a yana ganin mai fisiyo sau biyu a mako, awa guda-guda. Sauran awa 166 a hannun wa yake? A hannun matarsa, ko 'yarsa, ko surukarsa. Wato a hannunku. Shi ya sa a jarrabawata ɗalibi ba ya wucewa sai ya koya wa mai jinya a gabana. Kuma ba na karɓar "kin gane?" Don Bahaushiya in likita ya ce kin gane, za ta ce eh ko don kunya. Sai dai ya ce, "Mama, yi in gani." In ta yi daidai, ya ci. In ba ta yi ba, shi ya faɗi, ba ita ba.

Tunda kun zama ɗalibaina na yau, ga abin da nake so kowa ta tafi da shi gida.

Idan mutum bakinsa ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a tafi asibiti a lokacin. Kar a jira gari ya waye. Kar a ɗura masa ruwa ko rubutu ko kunu a baki, don maƙogwaro ma yakan shanye, abin ya wuce huhu. A yi addu'a a cikin mota.

Kar a taɓa ɗaga shi ta hannun da ya shanye. Naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, in ana ja sai ta zame, ciwonta kuma yakan daɗe. A tallafe shi ta ƙugu ko ta bayan kafaɗa, in yana zaune a ɗora hannun kan matashi.

Wanda ba ya iya juyawa da kansa a riƙa juya shi duk bayan awa 2, a duba ƙugu da ɗuwawu da dunduniya. Gyambon kwanciya ya fi saurin zuwa a kan tafiya.

A yi hattara da ruwan zafi. Ɓarin da ya shanye sau da yawa ba ya jin zafi sosai. Na ga ƙuna da yawa da aka yi da sunan gashi, mai yin kuma da kyakkyawar niyya ta yi.

Wajen sa riga, hannu mai ciwo ne ke fara shiga, wajen cirewa shi ne na ƙarshe. Sanda a riƙe ta a ɓarin da ke da lafiya. Matakala a hau da ƙafa mai lafiya, a sauko da mai ciwo. Abinci kuma a zaune sosai, in yana yawan ƙwarewa a gaya wa likita.

Na ƙarshe shi ne mai nauyi. Duk abin da zai iya yi da kansa, ku bar shi ya yi, ko da zai ɗauki rabin awa, ko da zai ɓata riga. Na san tarbiyyarmu. Abin kunya ne a shigo a ga uwar miji tana fama da cokali ke kina zaune, za a ce ba ki da tausayi. Na ga gidajen da tsananin hidima ta kwantar da tsohuwa har ta daina tashi, ana ba ta a baki, ana yi mata komai, kowa yana neman lada. Saboda haka ku mazan da ke baya, da ku dangin miji, in kun ga haka kar ku zargi yarinya. Umarnin likita take bi. Ladan yana nan a haƙurin zama kusa da ita har ta gama.

Ina da roƙo uku ga ƙungiya, sai Hajiya da kwamiti su duba.

Na farko, yawancin waɗanda suka daina zuwa fisiyo ba warkewa suka yi ba, kuɗin mota ne ya gagara, don mai shanyewar jiki sai an ɗauki shatar adaidaita. In za a ware wani ɗan abu a asusun taimako don wannan, zai tayar da mutane. A sayi sanda da keken koyon tafiya guda biyu ko uku, a riƙa ba da aro kamar yadda ake ba da aron tukwanen biki.

Na biyu, a sayi na'urar awon jini a ajiye, duk ranar zubi a auna kowa. Hawan jini shi ne babban abin da ke jawo shanyewar ɓarin jiki, kuma sau da yawa ba ya nuna alama. Wadda aka ɗora a kan magani kar ta daina don ta ji sauƙi. Mun ga yadda shan inna ya yi da yaranmu, kuma mun ga yadda rigakafi ya yi da shi, har a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar mai yaɗuwa da kanta. Wannan ma a tare shi tun kafin ya kayar.

Na uku, ku ba mu 'ya'yanku mata. Aikinmu na taɓa jiki ne. Akwai matan da ke fama da ciwon baya, ko yoyon fitsari bayan haihuwa, ko ƙafa da ta saki bayan doguwar naƙuda, sun gwammace su zauna da abin a kan namiji ya duba su. Duk yarinyar da ke da ƙoƙari a kimiyya, a nuna mata wannan hanyar ma tana nan. In kuɗin rajista ya gagara, ai kun san inda Inna ta samo nawa.

Kar in bar ku da rabin labari. Baiwar Allahn nan da na ba ku labarinta, mun sake sabon lale ni da ita da 'yarta. Na sa aka shimfiɗa tabarma a ɗakin motsa jiki, na zauna a gefe na harɗe hannuwana don kar su yi min gardama. Ta ji haushina sosai, har ta ce na canja hali. Hannun damanta bai dawo yadda yake ba har muka rabu, ba zan ɓoye muku ba, ba kowa ke samun komai ba. Amma ta koma tashi daga tabarmarta, tana shiga banɗaki ita kaɗai da sandarta. Ranar da ta zo sallama ta kawo min daddawa a ƙullin leda, ta ce ita ta ƙulla.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Ya ba masu jinya haƙuri da lada. Iyayenmu da suka kafa wannan ƙungiya, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah Ya jiƙansu, waɗanda ke raye Ya ƙara musu lafiya da nisan kwana. In na yi kuskure a gaban manya a yafe min. Ina nan bayan an tashi, duk mai tambaya ta same ni.